"Ƙarin takardu" a neman gurbin jami'ar Amurka: wane ƙarin ake nufi?

Da zarar Common App, fom ɗin intanet da ake neman gurbin jami'o'in Amurka da yawa da shi, ya buɗe a watan Agusta, sai masu shirya wa yara takardun karatu su cika Facebook da magana ɗaya: "a ƙara takardu, fayil ya yi kauri." Abin da ke ɓata rai shi ne abubuwa biyu daban suke haɗawa da suna ɗaya.

Akwai gajerun rubuce-rubucen da kowace jami'a ke nema bayan babban rubutun fom, irin tambayar me ya sa ka zaɓe ta. Waɗannan galibi wajibi ne. Sai kuma kayan da ba wanda ya tambaye ka: zane, faifan kiɗa, rahoton bincike, na'urar da ka ƙera, wasiƙar shaida ta ƙari. Wannan na biyun ganin dama ne, kuma nan ake faɗawa rami.

Jami'o'i da yawa ta wani shafin intanet mai suna SlideRoom suke karɓar irin wannan kaya, kuma sau da yawa malaman sashen ake miƙa wa su auna. Malamin zane da idon gwani zai duba, ba da idon kawu ba. In aikin matsakaici ne, ka kai kanka inda za a ga raunin. Jami'ar MIT ta ware wuri ga wanda ya ƙera abu da hannunsa. Yaron da ya haɗa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana ya nuna hoto, ya faɗi abin da ya lalace a gwajin farko da yadda ya gyara. Wannan ya cancanci aikawa. Amma a lura da lokaci: a jami'ar Stanford mai tura aikin fasaha a zagayen farko na neman gurbi 15 ga Oktoba ne wa'adinsa, ba 1 ga Nuwamba ba.

Inda aka fi yin ɓarna a wajenmu shi ne wasiƙar babban mutum. Uba zai yi ta zirga-zirga ofishin sanata ko fada, a samo takarda mai tambari da hatimi, layi huɗu: yaro ne mai ladabi, ɗan gidan mutunci. Mai karantawa a Amurka bai san sanatan ba, kuma sanatan bai san yaron ba. Wasiƙar ma da kanta take nuna hakan. Malamin kimiyyar da ya ga yaron ya zauna bayan an tashi yana maimaita gwaji har ya fito daidai, shi ne mai abin faɗa. Wasiƙar ƙari tana da amfani ne kawai idan mai ita ya ga wani ɓangare da malaman aji ba su gani ba, kamar maigidan da yaron ya koyi sana'a a hannunsa. Jami'ar Kalifoniya ma ba ta son wasiƙa sai ita ta nema.

Tarin satifiket na halartar taro kuwa, a bar shi gida. Wanda ya ci musabaƙar Alƙur'ani ya rubuta a gurbin lambobin yabo na fom ɗin Common App, mai ɗaukar 5. Ayyukan da yaro ke yi a wajen aji suna da gurbi 10, haruffa 150 na bayani kowanne. Yajin aiki ko rashin lafiyar da ta taɓa sakamako kuma a bayyana a sashen ƙarin bayani, wanda tun 2025 aka rage shi daga kalma 650 zuwa 300.