Kwarmata bayanan sirri: mene ne shi, kuma yaushe ake da hujjar yin sa?

Kwarmata bayanan sirri shi ne ma'aikacin da aka damƙa wa amanar wasu takardu ya fito da su fili, saboda ya ga ana aikata abin da ya saɓa wa doka ko yake cutar da jama'a, an kuma lulluɓe shi da sunan tsaro. Ba ɗaya yake da ɗan leƙen asiri ba. Shi wannan wata ƙasa yake miƙa wa bayanai a ɓoye, don kuɗi ko aƙida. Mai kwarmato kuwa so yake mutanen da ake yi wa abin su sani.

A watan Yunin 2013 Edward Snowden, ma'aikacin kwantiragi a hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, ya ba 'yan jarida tarin takardu. Ta farko da jaridar Guardian ta buga umarni ne na wata kotun sirri, wanda ya tilasta wa kamfanin Verizon miƙa bayanan kiran waya kullum: lambar da ta kira, wadda aka kira, lokaci da tsawon kiran. Babu muryar kowa a ciki, shi ya sa wasu suka ce abin bai taka kara ya karya ba. Amma duk wanda ya san ka kira likitan wata cuta, sannan lauya, sannan ɗan jarida da tsakar dare, ba ya buƙatar jin abin da kuka faɗa.

Inda gizo ke saƙa shi ne amana biyu ce ke kan mutum: alkawarin riƙe sirri da ya sa wa hannu, da haƙƙin jama'ar da ake tattara bayanansu ba da saninsu ba. Sirrin da ke kare rayukan jami'ai ya cancanci a riƙe shi. Wanda ke ɓoye karya doka bai cancanta ba. A watan Maris na 2013 Sanata Ron Wyden ya tambayi shugaban hukumomin leƙen asiri, James Clapper, ko ana tattara bayanan miliyoyin Amurkawa, ya ce a'a. Daga baya kotunan ɗaukaka ƙara, a 2015 da 2020, suka ce shirin tattara bayanan kiran wayar ya saɓa wa doka, majalisa kuma ta taƙaita shi a 2015.

Duk da haka, gaskiyar zargi kaɗai ba ta wanke mutum. Ana duba ko ya fara bin hanyoyin cikin gida, wato babban sufeton hukuma da kwamitocin majalisa. Thomas Drake na NSA ya bi su kafin ya je wurin 'yar jarida, aka gurfanar da shi a 2010, manyan tuhume-tuhumen suka rushe a 2011 bayan aikinsa ya riga ya salwanta. Ana kuma duba yawan abin da aka fitar da hannun da ya karɓa. A 2011 takardun diflomasiyyar Amurka da WikiLeaks, shafin intanet mai wallafa bayanan sirri, ke riƙe da su sun bazu ba tare da an goge sunayen masu ba da labari ba, wannan kuwa jefa rayuka cikin haɗari ne. Shi ma Snowden ana sukarsa da kwasar takardun da ba su shafi sa ido kan 'yan ƙasa ba, kuma sukar tana da nauyi, ko da yake 'yan jarida ya bar wa zaɓen abin da za a buga.

Takarda ma kan tona mai ita. A 2017 Reality Winner, ma'aikaciyar kwantiragi a NSA, ta buga wani rahoton hukumar a injin buga takardu na ofis ta aika wa 'yan jarida. Da aka nuna wa gwamnati kwafin don tantancewa, alamar ninki ta nuna bugawa aka yi, rajistar ofis kuma ta nuna mutum shida ne suka buga shi. An yanke mata hukuncin ɗaurin wata 63.

Babbar matsalar tana cikin dokar leƙen asirin Amurka ta 1917, wadda ake tuhumar irin waɗannan mutane da ita. Ba ta bambanta wanda ya sayar wa abokan gaba da wanda ya sanar da jama'a ba, kuma ba ta ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da cewa amfanin jama'a ya duba. Wannan na cikin dalilan da Snowden ke bayarwa na ƙin komawa gida daga Rasha, inda ya samu takardar zama ɗan ƙasa a 2022.