Me ake nufi da "rufin asiri"?

Idan aka tura dattijo binciken aure, ya je unguwar su yaro ya dawo ya ce, "Ba mai kuɗi ba ne, amma yana da rufin asiri daidai gwargwado," galibi iyayen yarinya kan saki jiki. Ba a faɗi albashinsa ba, ba a ce yana da mota ba, amma kowa ya gane. Ana nufin 'yarsu za ta ci, za ta sha, za ta sa sutura, kuma ba za a riƙa ganinta gida kowane mako da ƙoƙon bara ba.

Asiri daga Larabci muka aro shi, daga "sirr", wato abin ɓoye. Abin ɓoyen da ake magana a nan shi ne halin da gida ke ciki: mudu nawa ya rage a buhu, bashin wa ake bi, yau an ɗora tukunya sau biyu ko sau ɗaya. Wanda Allah Ya rufa wa asiri shi ne wanda buƙatarsa ba ta kai shi ga tallata wannan hali a gaban mutane ba. Yana tsakanin mai dukiya da mabaraci, kuma a nan mafi yawanmu muke. A nan jihar Sakkwato, malamin firamare a Mabera, tela a Tsohuwar Kasuwa, mai kabu-kabu a Runjin Sambo, manomin albasa a Goronyo, kowannensu ka tambaye shi yaya gida, amsar ɗaya ce: "Lahiya lau, mun gode Allah." Tsofaffinmu kuma in suka ɗaga hannu bayan salla, ba kasafai za ka ji sun roƙi tarin dukiya ba. "Allah shi ruhwa muna asiri duniya da lahira," shi ke nan.

Ma'aunin ba mu muka ƙago shi ba. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce duk wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jiki, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Abu uku ne kawai, kuma na farkonsu mun daɗe muna ɗaukarsa kamar ba komai ba. Sai da 'yan'uwanmu na gabashin jiha, wajen Sabon Birni da Isa, suka fara barin gidajensu da gonakinsu saboda 'yan bindiga, sannan da yawa daga cikinmu suka gane cewa kwana a ɗakinka har asuba ni'ima ce mai zaman kanta. Mutumin da ke da rumbu cike bara, bana ya koma jiran a auna masa, shi ya san zafin kalmar "asiri ya tonu".

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, rufin asiri aikin mutane da yawa ne, kuma rabinsa a cikin gida ake yinsa. Maigida ya ajiye kuɗin cefanen da shi kansa ya san ba za su kai ba, ya fita da sassafe yana kauce wa ido. Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta kwance bakin zane ta ciro ribar ƙuli-ƙuli ko kuɗin kitson jiya, ta aiki yaro ya sayo daddawa da ɗan manja, ta kaɗa miyar kuka, ta tuƙa tuwon dawa. Da azahar baƙo ya yi sallama daga ƙauye ba zato ba tsammani. Ta dama fura, ta ƙara ruwa kaɗan yadda ba za a gane ba, ta rufe kwanon da faifai aka kai zaure. Baƙo ya sha ya yi hamdala, ya koma gida yana yabon karamcin maigida. Wadda ta yi aikin ko sunanta bai fito ba. In ta ɗauki adashi ma, kuɗin makarantar yara ne ke cinye shi. Ni dai a ganina, namijin da ke cewa "mun gode Allah" a majalisa alhali bai taɓa shiga ciki ya ce wa matarsa "sannu da ƙoƙari, Allah Ya yi miki albarka" ba, godiyarsa da saura. Hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Dangi ma da nasu kason, kuma suna da ladabin bayarwa. Bayan kaka, babban wa zai aiko wa ƙanensa na birni buhun gero, amma sai bayan isha'i za a sauke shi, kada maƙwabta su ƙirga. Kawu ya zo gaisuwa, zai tashi ya dunƙule kuɗi ya cusa a hannun uwar yara ya ce, "Ga wannan a saya musu alewa," alhali kuɗin sun isa awon mako guda. An kira shi alewa ne don kada mai karɓa ya ji nauyi. Mai shagon unguwa da ke rubuta bashi a littafi ba ya ɗaga murya in da mutane, shi ma yana cikin masu rufin.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, abinci ya bi bayansa, gidaje da dama da ke cikin sahun masu rufin asiri suka zame ƙasa ba tare da an sani ba. Su ne Alƙur'ani ya siffanta a aya ta 273 ta Suratul Baƙara: wanda bai san halinsu ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wajen roƙon mutane. Rigarsu a wanke take, a goge. Sun fi kowa wuyar ganowa, shi ya sa zakka kan tsallake su ta tafi wajen mai baki.

Sai dai akwai inda ake cin zalin kalmar. A ce wa matar da ake duka, "Ki rufa wa kanki asiri ki koma," ko a ɓoye ciwon yaro har ya ci ƙarfinsa don kada a ce gidan wane da cuta, ko a ci bashin da ya fi ƙarfin mutum don kayan ɗakin amarya su kai na 'yar maƙwabci. Wannan gudun surutu ne aka sa wa suna mai kyau. Rufin asiri yana kare mutuncin mai rauni ne, in ya koma kare mai cutar da shi, ya tashi daga ma'anarsa.

Wayar hannu kuma ta zo da nata. Azumi ya kama, a tara zawarawa da marayu a rana, a miƙa wa kowa ƙullin shinkafa, a ce wa mace ta ɗago kai a ɗauki hoto, kafin magariba fuskarta ta zagaye Facebook da TikTok. Ta samu abincin kwana uku, amma surukanta da ƙawayen 'yarta duk sun gani. Akwai matan da saboda wannan kaɗai suka daina zuwa wajen rabo, suna zaune a gida suna jiran ɗan'uwan da zai zo bayan isha'i.