Me ake nufi da manhajar zumunta a jami'a?

Manhajar zumunta ita ce duk manhajar da aka ƙera domin jama'a su yi magana da juna, su yi aiki tare, abin da suka tattauna kuma ya zauna inda wani zai dawo ya same shi. Da an ambaci kalmar hankali kan tafi ga Facebook da TikTok, alhali ta fi nan faɗi. WhatsApp da Telegram suna ciki, haka takardar Google Docs da ɗalibai biyar ke rubutawa lokaci ɗaya, haka zauren tattaunawa na Moodle, manhajar koyarwa da Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002. Abin da ake dubawa shi ne ko wanda aka aika wa saƙo yana da bakin mayar da amsa a gaban sauran. Shafin jami'a da ke liƙa sanarwa kawai ba ya cikin wannan sahu, allon bango ne ya koma waya.

A jami'o'in Marwa, Ngaundere da Garwa na Kamaru, har zuwa Njamena ta Chadi, ɗalibai sun riga hukuma shiga wannan harka. Da wuya a sami ajin da ba shi da guruf na WhatsApp a hannun delege, wato wakilin aji. Rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona ya sa malamai da dama suka bi ɗalibai can. Aikin da ya rage wa jami'a shi ne tsara abin da ya riga ya tsiro da kansa.

Matakin farko shi ne a raba wurin sanarwa da wurin hira. Idan aka haɗa su, sanarwar sauya ɗakin jarrabawa za ta nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da tallan turare. A buɗe guruf ɗaya da masu kula da shi kaɗai ke iya turawa, a bar wani daban na tambaya da amsa ga kowane darasi. Guruf na WhatsApp ba ya wuce mutum 1,024, don haka ba zai ɗauki tsangaya guda ba, sai a bi aji-aji ko a koma Telegram, wanda ke ɗaukar har 200,000 kuma ana iya saita shi yadda sabon shiga zai ga tsofaffin saƙonni. Wasu sakatarori kan dogara da jerin WhatsApp na aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda, sai daga baya su ji rabin aji na cewa ba su gani ba. Dalilin shi ne jerin yana tsayawa a 256, kuma saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa a wayarsa.

Lambar da ke riƙe da guruf ta zama ta sashe ce, ba ta wani ma'aikaci ba, a kuma naɗa masu kula aƙalla biyu. In ba haka ba, ranar da aka yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki ko aka sace wayarsa, sashe ya rasa ɗalibansa gaba ɗaya. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri, domin 'yan damfara kan ƙwace asusun WhatsApp ta hanyar roƙon lambobi shida da ke zuwa ta SMS. Da zarar sun shiga da sunan ofishi, sai su tura lambar Orange Money ko MTN Mobile Money su ce nan za a biya kuɗin rajista. A jami'o'in gwamnatin Kamaru kuɗin sefa 50,000 ne a shekara, asara ce babba ga ɗan manomi. A maƙala sanarwa a saman guruf cewa jami'a ba ta karɓar kuɗi ta cikin hira, a kuma sabunta mahaɗin gayyata da zarar an gama rajista.

Sakamakon jarrabawa da takardun ƙorafin maki ba kayan guruf ba ne. Hoton jerin sunaye da maki in ya fita ba ya dawowa. Guruf ya sanar cewa sakamako ya fito, kowa ya duba nasa da lambar rajistarsa a shafin jami'a ko a ofishin skolarite, wato ofishin rajistar ɗalibai.

Sai batun data. Laccar awa ɗaya a bidiyo kan cinye ɗaruruwan megabait, muryar malami ta minti goma kuwa kaɗan take ci, PDF na rubutu zalla ya fi su duka sauƙi. Manhajar Moodle ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi inda akwai sabis ya karanta a gida ba intanet, abin da ke da amfani ga wanda ya tafi hutu ƙauye.

Hukumar jami'a kada ta manta ba ita ke da waɗannan kafafe ba. A Chadi an toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, kusan wata 16. Saboda haka duk sanarwar da ta shafi rajista, jadawali ko jarrabawa a fara sa mata hannu da hatimi, a liƙa a allo, a ɗora a shafin jami'a, sannan a tura kwafinta guruf ɗauke da kwanan wata da lambar takarda.