Rigakafin Shaƙa: Me Ake Nufi, Kuma Ina Aka Kwana?

Rigakafin shaƙa shi ne a mayar da maganin rigakafi ya zama hazo mai laushi, mutum ya zuƙe shi da numfashi ya ratsa hanci da maƙogwaro har cikin huhu, ba tare da an huda fata ba. Wanda ya taɓa raka mai ciwon asma asibiti a Birnin Kebbi ko Gusau ya ga dangin na'urar: a kifa wa majiyyaci 'yar roba a hanci da baki, inji na gurnani a gefe, farin hazo na fitowa. Ma'aikatan lafiya na kiranta nebulaiza. Kada a ɗauka sirace ne, domin babu wuta babu ruwan zafi a cikin lamarin. Zafi kashe maganin yake yi, musamman na ƙyanda, wanda ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana.

Hikimar abin a fili take. Ƙyanda, tarin fuka, mura da korona duk ta numfashi suke kama mutum. Allurar dantse tana tayar da garkuwar jiki a cikin jini, amma maganin da aka shaƙa yana tayar da ita tun a majinar hanci da huhu, daidai inda cutar ke fara sauka. Masu kiwon kaji da yawa sun riga mu sani, don sun daɗe suna fesa wa garke rigakafin cutar Newcastle.

Wahalar tana ga na'urar. Dole ɗigon hazon ya kasance tsakanin maikiron 1 zuwa 5, alhali kaurin silin gashin kai ya kai wajen maikiron 70. In ɗigon ya yi girma, a maƙogwaro zai maƙale a haɗiye shi. In ya yi ƙanƙanta ainun, yadda ya shiga haka zai fito. Tsofaffin injuna da iska mai ƙarfi suke farfasa ruwan, abin da kan jigata maganin. Sababbin kuwa wani ɗan faifai ne mai dubban ƙananan huji, yana kakkarwa da batir, ruwan na tsattsafowa ta cikinsa a hankali.

Tunanin ba na yau ba ne. Albert Sabin, wanda ya samar da ɗigon shan inna da muka sani, ya gwada rigakafin ƙyanda na shaƙa a Meziko a farkon shekarun 1980, daga baya kuma ƙasar ta ba yara 'yan makaranta kusan miliyan 4 ta wannan hanya. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki aikin da gaske, har aka kai ga babban gwaji a yankin Pune na Indiya, kan jarirai kimanin 2,000 'yan wata 9 zuwa 12. Sakamakon ya fito a 2015: cikin kowane ɗari, kusan 85 na waɗanda suka shaƙa sun samu kariya, na allura kuwa kusan 95. Wani zai ce ai tazarar ba yawa. A kan ƙyanda tana da yawa ƙwarai, cutar da yaro ɗaya ke iya shafa wa 12 zuwa 18, wadda sai an kare kashi 95 na yaran gari kafin ta daina yawo. Shi ya sa ba a maye gurbin allura da shi ba, kuma a ganina an yi daidai.

A zamanin korona, Chaina ce ta fara kai rigakafin korona na shaƙa ga jama'a da yawa. A Satumban 2022 ta amince da na kamfanin CanSino, wata ɗaya bayan haka aka fara bayarwa a Shanghai. Inji ya cika wani kofi mai murfi da hazo, mutum ya zuƙa da baki, ya riƙe numfashi daƙiƙa 5, shi ke nan. Maganin da ake sa wa kofin kashi ɗaya cikin biyar ne na abin da allura ke ci.

To amma wannan babba ne mai jin magana. Jaririn wata 9 a bayan uwarsa, yana tsala kuka, yana ture robar da hannu, hancinsa toshe da majinar hunturu, wa zai ce masa ya riƙe numfashi? Kuma wa zai tabbatar nawa ya shiga? Sirinji kana ganin ya ƙare da idonka, hazo kuwa rabinsa na iya bin iska. Ga kuma tsabtar roba tsakanin yaro da yaro, kada a je maganin cuta a raba tarin fuka.

Duk da haka ina fatan a ci nasara, saboda ƙasarmu ce ta fi buƙata. A dubi ma'aikaciyar da ke hawa kwale-kwale zuwa tsibiran Yauri da akwatin ƙanƙara a cinya, cikin zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga maganin da ke son sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda in an haɗa shi da ruwansa dole a zubar bayan awa 6. A dubi ƙauyukan Zurmi da Maru, inda rashin tsaro ke sa a shiga a fita cikin gaggawa. Allura sai ƙwararre, sai sabon sirinji ga kowane yaro, sai akwatin zuba waɗanda aka yi amfani da su a je a ƙona. Ɗigon shan inna ya shiga gida-gida ne don kowace 'yar sa kai na iya ɗigawa, har aka wanke Najeriya daga cutar ta asali a 2020.

Shi ya sa nau'in da ya fi jan hankalina shi ne busasshe mai kama da garin hatsi. Masu bincike a Jami'ar Kolorado ta Amurka sun busar da rigakafin ƙyanda ya zama gari, a hura shi cikin 'yar jaka a shaƙa, ba lantarki, ba ruwan haɗi. An gwada shi a Indiya kan manya maza 60 ba tare da wata mummunar illa ba, sai dai bai kai ga kasuwa ba tukuna. A asibitocinmu na Kebbi da Zamfara, rigakafin ƙyanda har yanzu allura ce, ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15.