Tsohon injin kafinta na Shopsmith: gane shi, gyara shi da sayar da shi

Wane irin inji ne wannan da ake cewa yana aikin injuna biyar?

Inji ne ɗan Amurka da wani Bajamushe, Hans Goldschmidt, ya ƙirƙiro bayan ya yi ƙaura zuwa California. Kamfanin Magna Engineering ya fara ƙera shi a 1947, aka riƙa sayar da shi ta shagunan Montgomery Ward. Dabarar ita ce moto guda a jikin kan inji mai zamewa a kan dogayen bututun ƙarfe biyu. Ka ɗaura masa faifan zarto ya tsaga katako, ka sauya da faifan samfefa mai inci 12 ya goge, ka kafa katako tsakanin ƙusoshinsa biyu ya juya maka shi kana sassaƙa ƙafar tebur. Yana huda a kwance, in kuma ka ɗaga shi ya miƙe sai ya huda daga sama. An yi shi ne domin magidancin da ke taɓa kafinta a garejinsa, wanda ba shi da filin injuna biyar. Tsawonsa bai wuce ƙafa shida ba.

Na tarar da ɗaya cikin kayan gado. Yaya zan san wane samfuri ne?

Fara da ƙafafunsa. Na farko-farko, 10E da 10ER, waɗanda aka yi daga 1947 zuwa 1953, zubin ƙarfe ne mai nauyi, akan ɗaure su a kan bencin katako, moto da bel ɗinsu a fili suke, gudu kuma sai an matsar da bel da hannu tsakanin matakai uku na fuli. Mark V, wanda ya gaje su a 1953, yana tsaye a kan ƙafafunsa na ƙarfe, motonsa a rufe, da maɓallin murɗawa na sauya gudu a gaba.

Sai launi. A Mark V, kore na shekarun 1950 ne, ruwan zinariya na farkon shekarun 1960, ruwan toka kuma ya zo daga baya. An daina ƙera injin a shekarun 1960, sai a 1972 John Folkerth ya farfaɗo da shi a jihar Ohio. Amma kada ka rantse da launi, don masu fenti sun sha ruɗa mutane. Nemi lambar ƙira a jikin kan injin, ka kuma dubi teburin: Mark V ma iri-iri ne, ƙarami na samfurin 500 ne, babba mai bututu gaba da baya na 510 ne, na 520 kuwa yana da faffaɗan layin alminiyon.

In kunna shi in ji ko yana aiki?

Dakata tukuna. Abin da ya fi kashe Mark V shi ne hannun mai son sani. Mutum ya ga maɓallin gudu, ya hau murɗawa alhali injin a kashe. A ciki akwai fuli biyu, kowanne rabi biyu ne masu buɗewa da tsukewa a kan bel, da haka gudu ke sauyawa daga juyi 700 zuwa 5,200 a minti. In ba sa juyawa, bel ɗin ba shi da hanyar hawa ko sauka, sai ƙarfin ya koma kan wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke bayan maɓallin, haƙoran su cinye. Dokar ita ce ba a taɓa maɓallin sai ƙarfen juyi, wato wanda ake ɗaura wa zarto ko faifai, yana juyawa.

Don haka cire shi daga wuta, ka ɗaura faifan samfefa, ka juya shi da hannu. Kana juyawa kana sassauto da maɓallin a hankali zuwa mafi ƙarancin gudu. In ka ji gurnani, boris ne. In ya cije, wataƙila fuli ya manne saboda ƙura da rashin mai. Buɗe murfin ka share garin katakon, don wani lokaci har sheƙar ɓera ake samu. Duba wayar wutar ma. Robar shekara sittin ba abin amincewa ba ce.

Wanda injin ya iso masa Kano ko Maraɗi cikin kayan gwanjo yana da ƙarin aiki. Yawancinsu na wutar Amurka ne, bolt 120, tamu kuwa ta ninka haka. Jona shi kai tsaye ƙone moto ne. Sai da taransifoma mai ƙarfi, kuma ko da ita gudun zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, domin wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, tasu 60.

Me gyaransa ya ƙunsa?

Yawanci wanki ne da mai. Tsatsar bututun tana fita da kananzir da samfefa mai laushi, sannan a shafa musu kakin goge katako, ba giris ba, don giris yana kama ƙura ya zama laka. Fulin nan biyu masu zamewa suna son ɗigon mai marar kauri bayan kowace awa goma ta aiki. Bel da boris kayan canji ne. Lura dai cewa koren yana da bel mai haƙora a sama, na baya kuma mai tsaga-tsaga a tsaye, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Moton koren ma ya fi rauni, kashi uku cikin huɗu na ƙarfin doki, na baya kuwa doki ɗaya da ɗan ɗori.

Kayan gyaran Mark V ba su da wuyar samu, saboda ƙirar ba ta sauya sosai ba. Na 10ER sai a hannun masu tsofaffi, sai dai sauƙin ƙirarsa ya sa ba kasafai yake neman komai ba.

Ga kwali cike da ƙarafan da ban san kansu ba. Na injin ne?

Kada ka bari ɗan gwangwan ya gan su. Sau da yawa kuɗin da ke cikin kwalin nan ya fi na gangar injin.

Ga ma'auni mai sauƙi. Bakin ƙarfen juyin Shopsmith kaurinsa kashi biyar cikin takwas na inci ne, da gefe guda a shafe. Duk abin da ke da rami daidai wannan, da ɗan sukuru a gefe mai kwancewa da alanki, to na bakin injin ne: mariƙin zarto, mariƙin bakin huda, faifan samfefa, ƙusar juya katako. Waɗannan suna shiga 10ER da Mark V duka. Tebur da shingen tsaga kuwa kowane samfuri da nasa. Shingen 500 ba ya hawa 510.

Sai manyan kayan haɗi. In ka ga ƙaramin inji ba moto, da gajerun ƙafafun bututu biyu a ƙasa, to yana zama ne a ramuka biyu na ƙarshen Mark V ya ari ƙarfinsa. Akwai zarton ɗamara (siririn zarto mai zagayawa kamar bel) mai inci 11, injin daidaita gefen katako mai inci 4, da samfefar ɗamara mai inci 6. Wani guntun bututun roba mai kama da shara shi ne ke haɗa su da kan injin, ba shi ba aiki. Murfin zarto na sama da na ƙasa su ma a neme su. Tsofaffin da yawa sun rabu da nasu, kuma ni ba zan tsaya gaban buɗaɗɗen faifai yana juyi dubu uku ba.

In gyara kafin in sayar, ko in sayar yadda yake?

Ka wanke, ka sa mai, ka nuna yana tashi yana sauya gudu. Nan ka tsaya. Sabon fenti ba ya mayar da kuɗinsa, kuma mai saye da ya san kan abin yakan ɗauka ɓoye wani aibi aka yi. An ƙera waɗannan injuna da yawa ƙwarai, tsufansu kaɗai ba ya sa su tsada, musamman a Amurka inda garejin mutane ke cike da su.

Shimfiɗa kayan haɗin a ƙasa, ka ɗauki hoton kowanne, da hoton lambar ƙira, da ɗan bidiyon injin yana aiki. Faɗi abin da ya ɓace tun kafin a tambaye ka. Sayar da su ɗaiɗai ya fi kawo kuɗi amma yana cin lokaci, kuma ƙarshe za a bar ka da gangar da ba mai so. In kana gaggawa, haɗa duka a ciniki guda, amma ka yi wa zarton ɗamara da injin daidaita gefe kuɗinsu daban a lissafinka kafin mai saye ya yi tayi.

Ya dace da kafinta mai sana'a?

Mai yin ƙofofi da gadaje daga safe zuwa yamma zai gaji da kwance wannan a ɗaura wancan, kuma mutum ɗaya ne kawai zai yi aiki a kansa a lokaci guda. Yankan karkace ma da wahala, domin teburin ne ke karkata ba zarton ba, dogon katako sai ya riƙa zamewa. Inda ya yi fice shi ne huda a kwance, juya katako da gogewa. Mai ƙaramin shago da ke da zarton teburinsa daban zai more shi a waɗannan ayyuka uku.