Garkuwar jiki da cutar amiba ta hanji

Cutar amiba ta hanji tana faruwa ne sanadiyyar wata ƙwayar halitta mai suna Entamoeba histolytica, wadda likitan Rasha Fedor Lösch ya bayyana a shekarar 1875, masanin kimiyya ɗan Jamus Fritz Schaudinn kuma ya raɗa mata suna a 1903. Tana shiga jiki ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, lulluɓe cikin ɓawon da ruwan tsamin tumbi ba ya narkarwa, sannan ta ƙyanƙyashe ta sauka a babban hanji. Galibin waɗanda ta shiga jikinsu, kusan kashi 90 cikin 100, ba sa nuna wata alama, kuma yadda garkuwar jiki ta tarbe ta na daga cikin abubuwan da ke bambanta su da masu kamuwa da atuni.

Kariyar farko ita ce majinar da ta shafe bangon hanji, tare da IgA, wani sinadarin garkuwa mai kama ƙwayoyin cuta da jiki ke zubawa a cikinta. Amiba tana maƙale wa bango da wani furotin da ake kira lektin, tana kuma fitar da sinadarai masu yayyanka majinar da IgA ɗin kansa. Binciken da aka yi kan yara a unguwar Mirpur ta birnin Dhaka, a Bangladesh, ya nuna cewa masu IgA da ke tare lektin ba su cika sake kamuwa ba, sai dai kariyar ba ta daɗewa.

Idan amiba ta keta bangon, fararen ƙwayoyin jini, musamman nutrofil da makrofaj, sukan yi dafifi a wurin. A nan lamarin ke rikicewa: makrofaj da wani sinadarin garkuwa mai suna intaferon-gama ya zaburar yana iya kashe amiba, amma nutrofil ɗin da ita ta farfasa sukan zubar da gubarsu kan naman hanji, kumburi ya tsananta, miki mai ƙaramin baki da faɗin ciki ya samu. Don haka wani ɓangare na ɓarnar, aikin garkuwar ne da kanta.

Duk da haka, danne garkuwar ya fi haɗari. Magungunan sitiroid masu danne garkuwa da akan ba mai amiba bisa zaton wani kumburin hanji ne na daban suna iya jawo mummunan atuni har hanji ya huje, kuma juna biyu da rashin abinci mai gina jiki suna ƙara tsananin cutar. Har yanzu babu allurar rigakafinta ga ɗan Adam, ko da yake lektin ɗin ne masu bincike suka fi mayar da hankali a kansa.