Ƙonewar gasket na kan inji a tsohuwar mota

Gasket na kan inji, wanda fitoci a Magazin na Suame, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, ke ce ma hed gasket, wani siririn faranti ne da ake shimfiɗawa tsakanin bulok, wato gangar jikin inji, da kan inji wato hed. Kaurinsa da ƙyar ya wuce milimita 1 zuwa 2 amma aiki uku yake yi lokaci guda, yana tsare wutar da ke tashi cikin silinda kar ta fita, yana tsare ruwan lagireto a hanyarsa, baƙin mai ma a tasa hanyar. Na tsofaffin motoci yana da ɗan laushi da zoben ƙarfe a bakin kowane ramin silinda, da can har asbestos ake sawa, daga shekarun 1990 kuma kamfanoni da yawa suka koma na ƙarfe zalla mai falle-falle.

Galibi zafi ne ke kashe shi. Irin motocin da suka daɗe suna tasi a Kumasi, tsohuwar Corolla da Opel Astra da Kia Pride, bulok ɗinsu baƙin ƙarfe ne, hed kuma alminiyam, shi ko alminiyam in ya sha zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Inji yana son ya zauna wajen digiri 90. In allurar zafi ta hau ja ko sau ɗaya ne, hed na iya lanƙwashewa kaɗan yadda ido ba ya gani, daga nan wuta ta samu kafa ta riƙa cin gasket a hankali. Abin da ke kawo zafin kuwa ƙananan abubuwa ne da muke rainawa, fanka ta mutu a gosulon Kejetia, tiyo ya tsage, wata-famfo na ɗiga, lagireto ya toshe da tsatsa, ko marfinsa ya daina riƙe iska. Marfin nan yana riƙe matsi na wajen bar 1 ne, shi ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, in robarsa ta mutu ka rasa wannan kariyar. Wallahi abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗura ruwan famfo ko piya wata shekara da shekaru babu kulan, wato ruwan maganin lagireto mai hana tsatsa, ruwan zalla yana cin ƙarfe daga ciki, sannan da mota ta fara zafi sai a ce a cire tamostat, wato ɗan bawul mai daidaita zafin ruwa, a yar, alhali ba shi ne ciwon ba.

Alamunsa sun danganta da inda ya huje. In ruwa ke shiga silinda za ka ga farin hayaƙi mai kauri a salansa wanda ba ya tsayawa ko inji ya ɗumama, da safe motar na ɗingishi kafin ta daidaita, ruwa na raguwa kullum amma ƙasa a bushe, fulogi ɗaya kuma ya fito tas kamar an wanke shi. In ruwa da mai suka haɗu, ɗaga marfin baƙin mai ka ga wani abu kamar shayi mai madara ya manne a ciki, sai dai a duba difistik ma, wato sandar auna mai, don motar da ba ta tafiya mai nisa takan yi ɗan wannan a marfi kawai saboda laima. In kuma wuta ce ke shiga hanyar ruwa, tiyon sama zai yi tauri kamar icce. Masta zai jira inji ya huce sarai, ya buɗe lagireto ya cika shi, ya ce ma yaro ya tayar, sai ya sunkuya yana kallon bakin, in kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa to magana ta fito. Kar dai a buɗe marfin nan inji na da zafi, ruwan yana saɓule fata.

Gwaji ya fi zato. Gejin kwamfireshan zai nuna silinda biyu maƙwabta sun yi ƙasa tare in tsakaninsu ne ya ƙone. Akwai kuma wani shuɗin ruwa da ake ɗorawa a kwalba kan bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga ruwan sai ya koma rawaya.

Gyaran ba canza gasket kawai ba ne, nan mutane ke asarar kuɗi sau biyu. Ana tsiyaye ruwa da mai, a sa alamar taimin kafin a cire bel ko ceni, a kwance notunan hed inji na sanyi, daga gefe zuwa tsakiya kaɗan-kaɗan. Sai a kankare fuskar hed da ta bulok, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a zura fila geji, wato siririn ƙarfen auna rata, ƙarƙashi, injinan Toyota da yawa iyakarsu milimita 0.05 ne, in ya wuce sai a kai wa masu injin goge hed, Magazin ba a rasa su, a kuma gwada ko ya tsage musamman tsakanin bawul da bawul. In an goge da yawa kwamfireshan na hawa taimin ya ɗan gurɓace, don haka kowane hed yana da iyakar da ba a wucewa. Wurin ɗaurewa ana farawa daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, da tok renci, wato sifana mai auna ƙarfin ɗauri, bisa adadin da kamfani ya rubuta, ba da faif a kan sifana ana ja har sai noti ya yi kuka ba. Wasu notunan suna miƙewa in an ɗaure su, irin waɗannan sababbi ake sawa. Ramukan noti kuma a tsane su, ruwa ko mai in ya kwanta ciki yana iya fasa bulok.

Maganin kwalba da ake zubawa a lagireto yana iya toshe ƙaramar kafa na ɗan lokaci, yana kuma iya toshe lagireton kansa. Motar da aka ci gaba da tuƙawa a haka, ruwan da ke cikin mai zai cinye metal, wato boris ɗin cikin inji, in ko ruwa ya cika silinda cikin dare, fistin ba ya iya matse ruwa, kana murza ki sai konrod, wato sandar da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe, daga nan sai neman wani inji hom yus, wato na hannu daga waje.

Bayan an haɗa ana zuba sabon mai da filta, a sa kulan, a fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa, a mayar da tamostat, sannan a bar motar tana aiki a tsaye har fanka ta kama da kanta ta kuma tsaya kafin a ba mai mota ki ɗinsa.